Wane Layi Ne Ke Kamawa A Ɗakinka? Zaɓen Kamfanin Waya Da Intanet A Kujama

Duk wanda ya bar Kaduna ya kama hanyar Kachiya, ya wuce Sabon Tasha da matatar mai da Marabar Rido, to kafin ya isa Kujama, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Chikun, zai lura da abubuwa biyu. Sababbin gidaje suna ta fitowa a wuraren da dā gonaki ne, su kuwa turakun kamfanonin waya sai ƙara nisa suke yi da junansu. Ma'aikata da 'yan kasuwa da tsadar haya ta kora daga cikin gari su ne ke tarewa a waɗannan gidaje, kuma kowannensu, in ya gama tambayar ruwa da wuta, tambaya ta uku da zai yi wa maƙwabci ita ce, wane layi ne ke kamawa a nan?

Mai karatu da ya manyanta zai tuna lokacin da wannan tambaya ba ta da dalili, don ba zaɓi. Waya ta gwamnati ce, a hannun Ma'aikatar Gidan Waya da Tangaraho, daga baya kuma a hannun NITEL wadda aka kafa a 1985. Har zuwa shekarar 2000 layukan tarho masu aiki a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, galibinsu kuma a ofisoshi da gidajen manya suke. Mutumin ƙauye in yana da saƙon gaggawa, sai ya ba direban mota wasiƙa, ko ya shiga motar da kansa. A watan Janairu na 2001 ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar hannu a kan Dala miliyan 285 kowane ɗaya, cikin watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. A lokacin nan layi kaɗai yakan kai Naira dubu 20, wani lokaci ma fiye, alhali kuwa mafi ƙarancin albashi a jihohi Naira 5,500 ne. Kira kuma Naira 50 ne minti ɗaya, ko da gaisuwa kaɗai mutum ya yi ya kashe. Sai da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa sannan sauran suka sauko. Econet ɗin nan ya yi ta sauya suna, daga Vmobile zuwa Celtel zuwa Zain, har ya zama Airtel a 2010. Etisalat da ya zo a 2008 ya koma 9mobile a 2017, a 2025 kuma ya koma T2.

Yau layukan da ke aiki a ƙasar sun haura miliyan 150, ana samun layi da kuɗin da bai kai na farantin shinkafa ba. Amma arhar layi ba ta sauƙaƙa zaɓen ba, don abin da aka ɗora wa layin ya ƙaru ƙwarai. Tun daga watan Disamba na 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa. Ta wannan layi banki ke sanar da mutum shigar kuɗi da fitarsu. Ta shi ne yaro mai neman shiga jami'a ke karɓar lambar da zai yi rajistar jarrabawar JAMB da ita. A farkon 2023, sa'ad da takardun Naira suka ɓace saboda sauyin kuɗi, mai sayar da doya da mai sayar da citta duk sun ga yadda ciniki ke tsayawa cik in sabis ya ɗauke, mai saye yana tsaye, kaya suna ƙasa, saƙon banki kuwa ya ƙi shigowa. A yankin da ya sha fama da masu satar mutane kuma, kamar yadda ƙauyukan Chikun da Kajuru suka sha, kiran da ya shiga da tsakar dare da wanda bai shiga ba bambancinsu ba na kuɗi ba ne.

To, yaya magidanci zai zaɓa? Abin da ya kamata a fara sani shi ne, ba wani kamfani da ya fi kowa a ko'ina. Wanda ke gudu kamar iska a Kawo ko Barnawa yana iya zama gurgu a bayan Kujama, wanda ake zagi a cikin gari kuma ya zama shi ne sarki a wata unguwa, don kawai turkensa ya fi kusa, ko masu hawa kansa ba su da yawa. Allon talla a bakin titi ba ya sanin wannan. Taswirar da kamfani ke nunawa ta wuraren da sabis ɗinsa ya kai ita ma lissafi ce aka yi a kwamfuta, ba ta san kaurin bangon ɗakinka ba, ba ta san kwanon rufinka ba, ba ta kuma san tudun da ya shiga tsakaninka da turken ba. Mutanen Kagoro da Kafanchan, inda duwatsu suka yi wa gari katanga, sun fi kowa sanin wannan.

Akwai dalili a cikin yadda abin ke aiki. Saƙon waya a kan zangon rediyo yake tafiya, kuma zangon iri-iri ne. Na ƙasa-ƙasa, kamar 800 da 900, yana cin nisa, yana kuma ratsa bango, amma kayan da yake ɗauka kaɗan ne. Na sama yana ɗaukar kaya da yawa, amma ba ya nisa, bango kuma yana tare shi. 5G da ake ta yayatawa, wanda MTN ya fara a 2022, Airtel ya biyo a 2023, a kan zangon 3,500 aka yi gwanjonsa, shi ya sa sai a tsakiyar manyan birane ake cin moriyarsa. Wanda ya kashe kuɗi ya sayi rautar 5G ya kai ta unguwar da turken bai da shi, 4G za ta ba shi, daidai da ta maƙwabcinsa da ya saya da rabin kuɗin.

Bugu da ƙari, turke kamar rijiya yake, kowa a unguwa daga nan yake ɗiba. Da hantsi, lokacin da jama'a ke wurin aiki da kasuwa, sabis yakan yi kyau. Daga bayan magariba zuwa ƙarfe goma na dare, sa'ad da kowa ya dawo gida ya buɗe waya, a nan ake gane na ƙwarai. Don haka gwajin da mai shago zai yi maka da rana a bakin titi ba gwaji ba ne. Gwaji na gaskiya shi ne mutum ya ari layi, ko ya sayi data ta mako guda a kan layuka biyu ko uku, ya gwada su a cikin ɗakin da zai yi amfani da su, da safe da dare, ranar da akwai wuta da ranar da babu, in da hali har da ranar da aka yi ruwa. Kada kuma sandunan nan da ke saman fuskar waya su ruɗe shi. Suna nuna ƙarfin saƙon da ke tsakanin wayar da turke ne kurum, ba sa nuna ko turken ya cika maƙil. Kiran bidiyo na minti goma ya fi su faɗin gaskiya.

In an sami layin da ke kamawa, saura a san da me za a raba shi a gida. Mafi yawan gidaje wayar maigida ce ke raba wa kowa, ya fita kuwa intanet ta bi shi. Rauta mai cin layi ta fi wannan, musamman in an ɗora ta a taga ta ɓangaren da turken yake, ko an sa mata eriya a waje bisa dogon ƙarfe. Sau da yawa matsar da ita taku biyar ya fi sauya kamfani amfani. Sai dai a tambaya kafin a biya: wadda kamfanin waya ke sayarwa da arha galibi a kulle take, layinsa kaɗai take karɓa, ranar da kuka ɓata kuwa ta zama kayan ado. Wadda ba a kulle ba ta fi tsada, amma ita ce ke barin ƙofa a buɗe.

Igiyar faiba da ake ja har cikin gida ita ce ta fi duka, ba ruwanta da hadari ko cunkoson dare irin na turke. Matsalarta lissafi ne. Kamfani ba zai haƙa rami na kilomita da yawa ba sai ya ga gidajen da za su biya shi. A 2020 gwamnatin Jihar Kaduna ta yafe kuɗin da ake biya na izinin shimfiɗa igiyar a gefen hanya, a lokacin da ake ta roƙon jihohi su sauko zuwa Naira 145 kowace mita, kuma wannan abin yabo ne. Amma yafe kuɗin izini bai haƙa rami ba. Wanda aka yi wa alkawarin cewa faiba tana nan tafe unguwarsu, ya bari sai ya ga igiyar a kan titinsu tukuna.

Sai kuma Starlink, mai kawo intanet daga tauraron ɗan'adam, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Shi ba ruwansa da turke ko rami, sararin sama kawai yake so, ba itace ba gini a gabansa. Ga asibiti ko makaranta ko gidan gona mai nisa da gari, ya zama mafita ta gaske. Amma kuɗin kayansa da na wata-wata sun fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, farashin kuma ya sha tashi. Mamakon ruwa yana rage masa ƙarfi, damina kuwa a kudancin Kaduna ba ta wasa ba ce. Sa'an nan ba ya ba ka lambar waya, dole dai ka riƙe layinka don kira da banki.

Akwai wani kuɗi da ba ya fitowa a takardar talla, shi ne kuɗin wuta. Ƙaramar rauta ba ta cin abin da ya wuce na ƙwan fitila ɗaya ko biyu, ƙaramin batir zai riƙe ta sa'o'i. Farantin Starlink kuwa yakan ci wat 50 zuwa 100, watau in ana so ya kwana yana aiki sai da sola da batir na kirki, ko janareta. Wanda ya biya kuɗin wata guda, wuta kuma ba ta ba shi damar amfani sai rabin lokaci, to ninki biyu ya saya.

Kalmar nan ta "ba iyaka" da ake rubutawa da manyan baƙaƙe ita ma tana bukatar a karanta abin da ke ƙarƙashinta da ƙananan baƙaƙe. Yawanci akwai adadin da in an kai shi za a rage gudun, har ya zama ko hoto sai an yi jira. A tambayi adadin, a tambayi gudun da ake komawa. A tambaya kuma ko ragowar data tana bin mutum zuwa wata mai zuwa, da sharaɗin da aka gindaya. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025, wanda ya ɗaga saƙon tes daga Naira 4 zuwa 6, ba wanda ke da rarar da zai yi wasa da ita. Mai ƙorafin cewa ana shanye masa data kuma, kafin ya ɗora wa kamfani, ya duba wayoyin yaransa. Bidiyo shi ne kura a cikin garken, kuma waya takan sabunta manhajojinta da kanta cikin dare in ta sami rauta a buɗe.

Mutanen Kaduna sun koyi wani darasi da tsada. A ƙarshen watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar ta sa aka rufe layukan sadarwa a wasu sassan jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, kamar yadda aka yi a Zamfara a farkon watan, ba a buɗe ba sai ƙarshen Nuwamba. Wannan rufewa ba ta bar kowane kamfani ba, mai layi huɗu da mai ɗaya duk tafiya suka riƙa yi zuwa inda sabis yake. Ranar 14 ga Maris, 2024 kuma, igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni daga Ikko har Arewa, bankuna suka rikice. Irin waɗannan ba zaɓen magidanci ne zai hana su ba. Amma ƙananan ɗaukewa na yau da kullum, na katafila da ta tsinke igiya wajen gyaran hanya, ko ɓarayi da suka kwashe batir da man turke, waɗannan layi na biyu yana maganinsu.

Sai dai a nan ma da abin lura. Tun wajen 2014 manyan kamfanonin suka sayar da dubban turakunsu ga kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su IHS, suka koma haya. Saboda haka turke ɗaya yana iya ɗauke da eriyar kamfani biyu ko uku, janareta ɗaya ke ba su wuta, in ya tsaya duk su yi shiru tare. A 2025 ma an amince masu layin 9mobile su riƙa hawa turakun MTN. Layi na biyu da zai yi amfani shi ne wanda maƙwabta suka shaida yana nan a ranar da na farkon ya ɗauke.

Wanda ya gwada ya ga wani kamfani ya fi, ba dole ne ya rabu da lambarsa ba. Tun watan Afrilu na 2013 doka ta ba shi ikon ƙaura da ita. Zai je ofishin kamfanin da yake so da katin shaidarsa, ya cika takarda, ya aika kalmar PORT zuwa 3232, a ba shi sabon layi mai tsohuwar lamba. Ragowar kati da data ba sa bin sa, don haka ya cinye su tukuna. Mai ƙara kuma ya fara kai wa kamfaninsa ta lamba 300, ya karɓi lambar shaidar ƙarar ya adana, in ba a biya masa bukata ba ya kira NCC a 622, kyauta ne.

Wanda kuwa ya zaɓi ya sayi sabon layi ya ajiye tsohon a aljihun tebur, ya sani layin da ya yi watanni ba a taɓa shi ba ana kashe shi, daga baya a sayar wa wani. In da shi aka buɗe asusun banki, ko da shi yaro ya yi rajistar JAMB, saƙonnin nan wayar baƙo za su riƙa shiga. Kafin a jingine tsohon layi, a je banki a sauya lambar, ko kuwa a riƙa sa masa katin Naira ɗari ana yin kira da shi lokaci-lokaci.