Bangon Firiji da Cinikin Sanyi a Ƙasar Kazaure

Wanda duk ya lura da kasuwannin Kazaure da Ɓaɓura, da na ƙauyukan Roni da Gwiwa, a cikin 'yan shekarun nan, musamman idan azumin Ramadan ya faɗo a tsakiyar bazara kamar yadda ya faru a 2023 da 2024, lalle ya ga yadda sanyi ya zama haja mai zaman kanta, ana sayensa ana sayarwa, har mai zoɓo da mai kunun aya da mai ruwan leda kowa ya ajiye kula a gabansa, alhali iyayensu randa da tulu suka sani. Galibin masu magana a kan wannan al'amari wutar lantarki suke zargi ko suke yabo, ko kuwa kwamfaresa da gas ɗin da ke cikinta. Amma a ƙasar da wutar KEDCO takan zo ta ɗauke ba tare da sallama ba, zafi kuma yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, abin da ke hukunta riba ko hasarar mai firiza shi ne abin da aka cusa tsakanin ƙarfen waje da robar ciki, wanda ba mai ganinsa ranar ciniki.

Bayanin haka kuwa shi ne, inji ba ya ƙirƙirar sanyi, zafi yake kwashewa daga ciki ya zubar waje, zafin kuma, bisa ɗabi'ar da Allah ya halicce shi da ita, ba ya fasa neman komawa inda ya fi sanyi, ta bango, ta murfi, ta kowace kafa. Firijin farko an lulluɓe su da ɓawon itacen kwak, daga baya da audugar gilashi, har aka koma ga kumfar foliyuritan, sinadarin da Otto Bayer ya gano a Jamus a 1937. Yadda ake aikinta a masana'anta ya cancanci a tsaya a kansa. Ana kafa gangar jikin firiji a cikin matsi mai ɗumi, sa'an nan a harba ruwan sinadarai biyu a gauraye cikin ratar da ke tsakanin bangon waje da na ciki, su kumbura ninki wajen talatin, su cika kowane lungu, su daskare cikin 'yan mintoci, su kuma manne ɓangarorin biyu su zama jiki guda. Kumfar nan miliyoyin ƙananan ɗakuna ne rufaffu, kowanne riƙe da iskar da ba ta iya ɗaukar zafi sosai, shi ya sa ta kusa ninka audugar gilashi wajen tare zafi idan kaurinsu ɗaya.

To, iskar da aka fara kumbura ta da ita, watau CFC-11, ita ce aka tabbatar tana cin rufin ozon da ke kare duniya daga kaifin rana, har Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta yanke hukuncin daina ta, aka ba ƙasashe irin Nijeriya wa'adi zuwa 2010, masana'antu kuma suka koma ga saikulofentan. Sai dai tsofaffin firijin da Turai ta yar, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, ba su daina shigowa ba ko da yake gwamnati ta haramta shigo da su, kuma saboda rahusarsu su ne talaka ke iya kaiwa gare su. Kumfar da ta shekara ashirin ta riga ta saki wani sashe na iskarta, danshi ya ratsa ta, robar ƙofa ta saki. Saboda haka mai tsohuwar firiza yakan biya a man janareta abin da ya ɗauka ya tsira da shi a wurin saye, balle tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023. In kuwa ta mutu ta faɗa hannun 'yan gwangwan, ƙarfe da tagulla suke so, kumfar sai a farfasa ko a ƙone, iskar da ta saura ta tafi sama.

Haka mas'alar take ga injinan ƙanƙara da masu walda ke ƙerawa a gida. Hikimarsu abin yabo ce, amma wanda ba shi da injin harba kumfa ala tilas ya yanka allunan farin soso na folistirin ya jera, kowace mahaɗa kuwa ƙofa ce ga zafi da raɓa. Kuma da yake sinadaran daga waje ake kawo su, duk faɗuwar da naira ta yi sai ta jarabci maƙeri ya rage kaurin bango, tun da mai saye fenti da girman kwamfaresa yake dubawa. A ganina wannan ita ce babbar illar da ba a lissafa ta.

Fa'idar sabon yayin ba a musunta ta. Firizar kwance, wadda ake buɗewa ta sama, takan riƙe sanyinta na dogon lokaci bayan ɗauke wuta, domin iska mai sanyi ta fi nauyi, ba ta zubewa idan an ɗaga murfi. Da ita mata da yawa a cikin gida suka sami sana'a ba su fita ba, mahauta da masu kifi suka rage asara. Allurar rigakafi ma, wadda ke bukatar zama tsakanin digiri 2 da 8, da akwatuna masu irin wannan kumfa ake kai ta ƙauyukan da ba su taɓa ganin turken wuta ba.

Randa kuwa wata hanya ce dabam: ba ta tare zafi, ruwa take bari ya tsattsafo ya bushe ya tafi da shi. A kan wannan asali ne marigayi Mohammed Bah Abba, malamin kwalejin kimiyya da fasaha a Dutse, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani a ƙauyukan Jigawa, har ya sami kyautar Rolex a 2000, aka kuma ruwaito yalo ya kai kwana 27 a cikinta maimakon uku. Ba ta yin ƙanƙara, da damina kuma, sa'ad da iska ta cika da danshi, ƙarfinta yakan ragu ƙwarai. Amma ga mai tumatir da alayyafo a rani ta wadatar, ba ta kuwa bukatar dala.

Tsakanin waɗannan biyu akwai masu tallan ƙanƙara da ke naɗe ta a buhun algarara da garin katako ko ɓuntun shinkafa su ɗora a babur. Auna wanne ne cikin waɗannan ya fi riƙe ta, a wane kauri, da yadda za a hana shi jiƙewa, aiki ne da ɗaliban injiniya na Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure za su iya yi da ma'aunin zafi da sikeli a cikin bazara guda.