Ƙurajen da ake ɗauka makero ne

Wannan ciwon fata yakan fara da tabo guda ɗaya mai faɗi a ƙirji ko baya, gefensa na ɓarewa kamar dusa. Da yawa sai su ce makero ne, su sayo man shafawa a kemis, ya ƙi ji. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ƙananan tabbuna su fantsamu a jiki, wani lokaci da ƙaiƙayi. A fatar baƙar mutum sukan yi duhu ko launin toka, ba ja ba.

Likitoci na kiransa Pityriasis rosea, sunan da likitan Faransa Gibert ya raɗa masa a 1860, kuma ya fi kama masu shekara 10 zuwa 35. Game da sanadinsa, zargi mafi ƙarfi ya faɗa kan bairos biyu, HHV-6 da HHV-7. Kusan kowa ya kamu da su tun yana ƙarami, sai su lafe a jiki shekara da shekaru. Ana ganin farfaɗowarsu ce ke haddasa ƙurajen, shi ya sa wasu kan ji kasala ko ciwon maƙogwaro kafin tabon farko ya fito. Ciwon ba ya saurin yaɗuwa tsakanin mutane, kuma yakan warke da kansa cikin mako 6 zuwa 8, sai dai duhun tabon kan daɗe.

Duk da haka a nuna wa likita. Tunjere a mataki na biyu yana kama da shi sosai, gwajin jini ne ke bambanta su. Mai juna biyu kuwa kada ta jira, domin a farkon ciki an danganta shi da ɓari.