Ko Ka San Abin da Ke Sa Rago Cizon Haƙora?

Duk mai kiwo ya san tuƙa. Rago ya kwanta a inuwa, ya dawo da abin da ya ci daga tumbi zuwa baki, yana juya muƙamuƙi a natse. Wannan alamar lafiya ce. Amma akwai wata taunar da bai kamata a ji ta a wuce ba: baki babu komai, sai ƙarar haƙori yana gugar ɗan'uwansa, dabba ta sunkuyar da kai ta ƙi kallon abinci.

Tumaki da awaki da shanu, idan sun girma, haƙora 32 gare su, kuma ba su da na gaba a sama, sai dasashi mai tauri. Aikin niƙa na turame 24 ne da ke ciki. Muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, shi ya sa suke tauna a gefe ɗaya, su gaji su koma ɗayan. Saniya takan yi kusan awa 8 a rana tana tuƙa, ta kuma haɗiye yawun da ya kai lita 100 ko fiye. A cikin yawun nan akwai sinadari dangin kanwa, wanda ke kashe tsamin tumbi.

Nan ne matsalar ragon layya take. Sallah ta matso, mai shi yana so ya yi ƙiba da wuri, sai ya cika masa kwano da gero ko masara, ko ragowar tuwo, alhali cikinsa ya saba da ciyawa da harawa. Hatsin yakan yi tsami da sauri, tumbi ya daina motsi, tuƙa ta tsaya, yawun da zai rage tsamin ya ƙaranta. Sai zawo, sai cizon haƙora saboda azabar ciki. Idan abin ya yi tsanani, kwana ɗaya zuwa uku sun isa a yi asararsa. Ledar da ta cunkushe a tumbi ma takan kawo wannan cizon, haka gubar dalma ga maraƙin da ya lashi tsohon batirin mota, wanda har makanta yakan yi, ya riƙa danna kansa jikin bango.

Amale dabam yake. Lokacin barbara yakan ciji haƙora, bakinsa ya yi kumfa, kuma lafiyarsa lau.

Abin da ya fi damuna shi ne tunkiya ba ta kukan ciwo. Dabba ce da namun daji ke farauta, don haka ɓoye rauni halinta ne. Sau da yawa wannan ƙarar haƙoran ce kaɗai shaidar da za ta ba ka, mu kuwa sai mu ce ai tuƙa take yi.

Idan ka ji wannan ƙarar, dunƙule hannu ka ɗora a kuiɓin hagu, inda tumbi yake. Na mai lafiya yakan motsa sau ɗaya zuwa biyu a minti guda. In ka ji shiru, ko kuiɓin ya kumbura, ɗauke hatsin nan take, bar wa dabbar harawa kawai, ka nemo likitan dabbobi a ranar. Mai son turka rago kuwa, ya fara da ɗan hatsi kaɗan, ya riƙa ƙarawa sannu a hankali cikin mako biyu zuwa uku, kuma kada ciyawa ta yanke a gabansa.