Hatsin OPVN a Damargu: na gwamnati ne ko na ɗan takara?

Tun zaɓen shugaban ƙasa na 27 ga Disamba 2020 da zagaye na biyu na 21 ga Fabrairu 2021, inda Mohamed Bazoum ya kara da Mahamane Ousmane, wasu maganganu sun ƙi mutuwa a kasuwannin Tanut da Belbeji na ƙasar Damargu. Wadda ta fi yawo ita ce wai hatsin da ake sayarwa da rahusa, ko a raba kyauta, alherin jam'iyyar da ke mulki a lokacin ne.

Wannan ƙarya ce. Hatsin na fitowa daga rumbun tsimi na ƙasa da ma'aikatar OPVN ke kula da shi, kuma da kuɗin baitulmali da tallafin ƙasashen waje ake sayo shi. An tanade shi ne don lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, daga bazara zuwa tsakiyar damina, ko akwai zaɓe ko babu. Manomin Gangara da makiyayin Tarka suna da haƙƙi a cikinsa, ko wa suka zaɓa. Inda aka riƙa cutar talaka shi ne wajen rabo: a kawo buhuna ana dab da kamfe, ɗan siyasa ya tsaya gabansu ana yi masa kirari, ko a rubuta sunayen mabukata a zauren ɗan jam'iyya. Mai yunwa ba ya tambayar asalin tiya, kuma abin da ake ci da shi ke nan. Abin na ci mini rai, domin Damargu ƙasar gero ce.

Ana kuma cewa gwamnati ta san wanda kowa ya zaɓa. Rabin gaskiya ne. Ana ƙirga ƙuri'u rumfa-rumfa, don haka ana sanin inda ƙauye ya karkata, amma ƙuri'ar mutum ɗaya sirri ce.

Batun cewa perfe ko sarki na da ikon nuna wa jama'a ɗan takara, babu shi. Dokar zaɓe ta 2017 ta hana amfani da motoci da kayan gwamnati wajen kamfe, ta kuma hana sarakunan gargajiya shiga ciki.

Gaskiya ne babu kamfe yanzu: sojoji sun karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023, an rusa majalisun ƙananan hukumomi a 2024, jam'iyyu kuma a Maris 2025. Rabon hatsi dai yana nan, a hannun jami'an da aka naɗa.