Yadda Masu Sha'awa Ke Yi wa Tsofaffin Wasannin Na'urar Hannu Kwaskwarima

Gabatarwa

A watan Afrilu na shekarar 1989 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da wata 'yar na'urar wasa da ake riƙewa a tafin hannu mai suna Game Boy, wadda injiniya Gunpei Yokoi ya jagoranci ƙirarta. Da batura 4 take aiki, gilashinta kuwa ba ya nuna launi sai inuwa iri 4, daga mai haske zuwa mai duhu. A shekarar 1993 aka fitar mata da wani wasa mai suna The Legend of Zelda: Link's Awakening. Labarin wani yaro ne mai suna Link wanda guguwa ta farfasa jirginsa a teku, ya farka a tsibirin Koholint, kuma ba shi da hanyar barin tsibirin sai ya tattaro kayan kiɗa guda 8 da aka ɓoye cikin kogwanni masu haɗari. Irin wannan shi ake kira wasan kasada da faɗa, domin ya haɗa yawon neman hanya da warware wasa-ƙwaƙwalwa da kuma artabu da dodanni.

Fiye da shekara 30 ke nan da fitowar wannan wasa, amma har yanzu akwai mutane a ƙasashe daban-daban, waɗanda ba ma'aikatan kamfanin ba ne kuma ba a biyansu ko sisi, da suke buɗe cikinsa suna sauya masa magana da zane da tsari. Abin tambaya shi ne, ta yaya mutum zai gyara abin da ba shi ya ƙera ba, kuma ba a ba shi taswirar ƙirarsa ba? Amsar tana da amfani ga ɗalibin kimiyya, domin hanyar da waɗannan mutane suke bi ita ce hanyar da masana ilimin halittu suka bi har suka gano aikin ƙwayoyin gado.

Abin da Ke Cikin Kaset

Wasan yana zuwa ne cikin wani ɗan kaset na roba wanda ake zura shi a bayan na'urar. A cikin kaset ɗin akwai wata guntuwar ma'ajiya da ake kira ROM, wadda ake iya karanta abin da ke cikinta amma ba a iya goge shi. Babu hoto ko kiɗa ko rubutu a cikinta kamar yadda ido ya san su. Abin da ke ciki jerin lambobi ne kawai. Kowace lamba ana kiranta bayit, tana kuma iya zama daga 0 zuwa 255, saboda an gina ta ne da ƙananan alamomi 8 waɗanda kowace ɗaya ko dai 0 ce ko 1. Kaset ɗin Link's Awakening na farko yana ɗauke da bayit 524,288, wato bai kai girman hoto guda da wayar zamani take ɗauka ba, amma a ciki aka cusa tsibiri mai fili 256 tare da mutanensa da kaɗe-kaɗensa da dukkan maganganunsa.

An cim ma haka ne ta hanyar tattali. Gilashin na'urar yana da ɗigo 160 a kwance da 144 a tsaye. Maimakon a ajiye bayanin kowane ɗigo, sai aka yanka zane zuwa ƙananan tubala, kowane tubali ɗigo 8 ne sau 8, kuma bayit 16 yake ci. Tubalin ciyawa guda ɗaya ana iya jera shi sau ɗari a cika daji da shi, kamar yadda magini yake gina ɗakuna masu yawa da tubali iri ɗaya. Bugu da ƙari, ƙwaƙwalwar na'urar ba ta iya duban kaset ɗin gaba ɗaya a lokaci guda. An raba shi kashi-kashi, kowane kashi bayit 16,384, ana sauke wani a ɗora wani gwargwadon buƙata, tamkar ɗalibin da teburinsa ba ya ɗaukar fiye da littafi biyu.

Hanyar Gano Aikin Kowace Lamba

Matakin farko shi ne a kwafe abin da ke cikin kaset zuwa kwamfuta da wata na'ura ta musamman. Daga nan sai a kunna shi cikin manhajar kwaikwayo, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta yi aiki kamar ita ce Game Boy, tare da ba mutum damar dakatar da wasa ya leƙa lambobin da ke sauyawa. Sai dai fa babu lambar da ke ɗauke da sunanta. Mai bincike yana fuskantar dubban ɗaruruwan lambobi, bai san wadda take zane ba, bai san wadda take umurni ba.

Alal misali, a ce yana son gano inda aka ajiye lafiyar Link. Yaron yana fara wasa da alamar zuciya 3, kuma kowace zuciya maki 8 ce, jimla 24. Mai bincike zai nemi duk wuraren da ke ɗauke da 24, ya samu da yawa. Sai ya bari dodo ya bugi yaron sau ɗaya, ya sake duba waɗanne ne suka ragu. Idan ya maimaita haka sau biyu ko uku, wuri ɗaya zai saura. A ƙarshe sai ya gwada hasashensa: ya sauya lambar da hannunsa ya ga ko zukatan za su cika. In sun cika, ya gano. In ba su cika ba, ya koma baya.

Wannan ita ce dabarar da George Beadle da Edward Tatum suka yi amfani da ita a 1941. Sun haska wa wani nau'in funfuna hasken eksire domin su lalata ƙwayar gado ɗaya, sannan suka duba wane sinadari ne funfunar ta kasa haɗawa. Daga abin da ya ɓaci suka gane aikin abin da suka taɓa. Ƙa'idar guda ce a fagen biyu: a sauya abu ɗaya tak, a bar sauran yadda suke, a lura da sakamako, a rubuta.

Kuskure Ƙarami, Ɓarna Babba

Sinadarin gado na DNA rubutu ne mai haruffa 4, ana kuma karanta shi uku-uku. Cutar sikila, wadda Hausawa ke kira amosanin jini, tana samuwa ne daga sauyin harafi ɗaya kacal: inda ya kamata a samu GAG sai aka samu GTG, wannan kuwa ya sauya tubali na 6 a ɗaya daga cikin sarƙoƙin sinadarin jan jini, har ƙwayar jinin takan lanƙwashe kamar lauje. Haka abin yake a kaset. Bayit ɗaya yana iya mayar da bango ƙofa, ko ya sa wasan ya sandare gaba ɗaya.

Akwai kuskuren da ya fi wannan muni. A 1961 Francis Crick da Sydney Brenner da abokan aikinsu sun nuna cewa idan aka cusa ƙarin harafi ɗaya cikin ƙwayar gado, duk abin da ke bayansa zai goce, karatun ya zama shirme. Masu gyaran wasa sun san wannan matsala sarai. A cikin kaset akwai jerin lambobi masu nuni, waɗanda kowace ke faɗin adireshin da wata magana ta fara. In mai fassara ya tsawaita jimlar farko da harafi 5, duk jimlolin da ke biye sun matsa gaba, masu nunin kuwa suna nan suna nuna tsohon wuri, sai a ga mutumin ƙauye ya fara magana daga tsakiyar kalma. Saboda haka dole ne a sake lissafa kowane adireshi, ko a nemi wani kashi da ke da fili a mayar da rubutun can.

Kamancen yana da iyaka. Sauyin ƙwayar gado a cikin halitta yana aukuwa ne ba da nufin mai ɗauke da ita ba, alhali kuwa mai gyaran wasa yana da abin da yake so ya cim ma.

Ire-iren Kwaskwarima

Na farko shi ne fassara. A 1992 an fitar da wani wasan Game Boy mai suna Kaeru no Tame ni Kane wa Naru a Japan kaɗai, sai a 2011 masu sha'awa suka mayar da shi Ingilishi, waɗanda ba su jin Japananci suka samu damar fahimtarsa. Aiki irin wannan ya wuce sauya kalmomi, domin kowane harafi tubali ne da aka zana. Wanda zai mayar da wasa irin wannan zuwa Hausa sai ya zana ɓ da ɗ da ƙ da kansa cikin ɗigo 8 sau 8, ya sama musu gurbi a jerin haruffa, sannan ya matse maganarsa ta shiga ɗan akwatin da ke ɗaukar gajerun layuka biyu.

Na biyu shi ne sauƙaƙa wasa. A Link's Awakening, duk lokacin da yaron ya taɓa dutse mai nauyi kafin ya samu munduwar ƙarfi, sai wasan ya tsaya ya maimaita masa saƙo ɗaya. Akwai gyare-gyaren da suka cire irin wannan maimaici. Na uku shi ne sa launi. Kamfanin da kansa ya fitar da Link's Awakening DX mai launi a 1998, amma wasan Metroid II na 1991 bai samu irin wannan a kan Game Boy Color ba, sai masu sha'awa ne suka rina shi tubali bayan tubali.

Na huɗu shi ne hargitsa kaya, inda wata manhaja take sauya wuraren da aka ɓoye makamai da mabuɗai domin kowane zagaye ya zama sabo. A nan akwai lissafi mai zurfi. In aka ajiye munduwar ƙarfi a bayan dutsen da ba ya ɗaguwa sai da ita, wasan ba zai ƙare ba har abada. Dole manhajar ta bi kowace hanya ta tabbatar ba a kulle mabuɗi cikin ɗakin da shi ne zai buɗe ba.

Mafi wahala duka shi ne warware kaset gaba ɗaya. Wasu 'yan sa-kai sun shafe shekaru suna mayar da lambobin Link's Awakening DX zuwa rubutaccen umurni da mutum zai iya karantawa, suna raɗa wa kowane sashe suna. Ma'aunin ingancin aikinsu shi ne, in aka sake harhaɗa rubutun, ya fito daidai da kaset na asali, bayit da bayit.

Faci da Haƙƙin Mallaka

Wasan dukiyar kamfanin da ya ƙirƙire shi ne, kuma dokar haƙƙin mallaka tana kare shi kamar yadda take kare littafi. Don haka mafi yawan masu gyara ba sa rarraba wasan kansa. Abin da suke bayarwa shi ne faci, wato ɗan ƙaramin fayil da ke cewa a je adireshi kaza a sauya lamba kaza. Kamar facin taya, ba shi da amfani sai ga wanda ke da tayar. Tsohon tsarin faci mai suna IPS ba ya duba ko a kan kwafin da ya dace aka liƙa shi, shi ya sa aka ƙirƙiro BPS, wanda ke tantance kwafin tukuna.

Duk da haka taƙaddama ba ta ƙare ba. A 1992 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke cewa na'urar Game Genie, wadda ke sauya wasu lambobi na ɗan lokaci yayin da ake wasa, ba ta keta haƙƙin Nintendo ba. Amma a 2016 kamfanin ya sa an dakatar da AM2R, wani sabon gini na Metroid II da mai sha'awa ya yi, haka kuma a Disamba 2023 ya sa an sauke wani kwafin Link's Awakening da aka sake ginawa domin kwamfuta. Ɗalibi ya sani cewa kwafar wasan wani da rarraba shi ba tare da izini ba keta doka ne, ko da kyauta aka bayar.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai fargabar ɓacewa. Wani bincike da cibiyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa. Kaset yana tsufa, ɗan batirin da ke riƙe ajiyar mai wasa yana mutuwa. Sau da yawa bayanan da masu sha'awa suka tattara su ne abin da manazarta za su dogara da shi gobe.

Kammalawa

Shi kansa Link's Awakening da gwaje-gwaje ya fara. Wani mai tsara manhaja a Nintendo, Kazuaki Morita, shi ne ya soma jarraba abin da na'urar za ta iya, abokan aikinsa suka riƙa haɗuwa da shi bayan an tashi aiki, kafin daga baya a amince da shi a matsayin aikin kamfani a ƙarƙashin jagorancin Takashi Tezuka.

Malami na iya kawo wannan darasi aji ko da babu kwamfuta. A ba kowane ɗalibi takarda mai gida 8 sau 8 ya zana harafin ƙ, ya sa 1 a gidan da ya cike, 0 a wanda ya bari. Layin da ya fito 00111100 shi ne 60. Sai ya miƙa wa maƙwabcinsa lambobin 8 kawai ya ga ko zai iya maido da harafin. Daga nan a sauya lamba ɗaya a duba abin da ya faru da zanen, sannan a goge alama ɗaya daga farkon jerin a sake rabawa takwas-takwas. Ɗalibin da ya ga yadda harafinsa ya wargaje ba zai sha wahalar fahimtar sauyin ƙwayar gado ba ranar da aka zo kansa a darasin ilimin halittu.