Tawakkalin Matafiyi: Abin Lura Daga Haɗarin Arikya

A cikin watan Agusta na 2023, ana tsakiyar damina, wani kwalekwale ya kife da mutane a kogin da a ke kira Kungra Kamfani, a yankin Arikya cikin ƙaramar hukumar Lafiya ta Jihar Nasarawa. Mutum 19 ne a ciki. An ceto 7 da ransu, sauran 12 kuwa suka rasu. Kakakin Majalisar Dokokin jihar na wancan lokaci, Alhaji Ibrahim Balarabe Abdullahi, ya bayyana wannan labari, ya kuma miƙa ta'aziyya ga iyalan mamatan. Allah Ya jiƙansu, Ya ba na baya haƙuri.

Labarin bai daɗe a bakin jama'a ba aka shiga wani. Amma ya kamata 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu, da na Anacha da Inugu da Fatakwal su riƙe shi, domin babu wanda ya fi su zama a kan hanya. Ko Salla ce ta zo, ko biki, ko rasuwa, ko lokacin kaka, sai an ɗaure kaya an nufi gida.

Lafiya, wadda a ke kira Lafiyar Barebari, ta zama hedkwatar jiha ran 1 ga watan Oktoba 1996, sa'ad da aka cire Nasarawa daga Jihar Filato. Tana kan babbar hanyar da ta taso daga Inugu, ta ƙetare gadar Makurɗi, ta nufi Akwanga da Jos. Ƙasar doya ce da riɗi da agushi da shinkafa, saboda haka 'yan kasuwa ba su rabuwa da ita. To, amma da zarar mutum ya bar kwalta ya nufi ƙauyuka da damina, sau da yawa sai ya tarar da rafi ko kogi ya kawo, ba gada, ba yadda za a yi sai da fito.

A nan ne wanda ya taso daga Kudu ya kan shiga gwaji. Ya kwana a mota, ya bar wa maƙwabci tsaron tebur ko rumfa, kwanakin da ya ɗiba ƙidayayyu ne, ga gida yana hangowa a tsallake. In aka ce masa ya jira gobe, ko ya jira jirgi na biyu, sai ya ji kamar an yi masa fashi.

BA ARIKYA KAƊAI BA

Ran 26 ga watan Mayu 2021, wani jirgin katako da ya taso daga Jihar Neja ya nufi Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski a Jihar Kebbi ya tsage a Kogin Kwara da mutum fiye da 150 a ciki, kaɗan ne suka fita. Jami'an kula da hanyoyin ruwa sun ce an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Ran 30 ga watan Nuwamba na wannan shekara kuma, aƙalla mutum 29 suka rasu a ruwan Bagwai ta Jihar Kano, yawancinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi.

Na Patigi a Jihar Kwara, cikin watan Yuni 2023, shi ne ya fi nuna yadda shiri kan rushe. 'Yan biki ne da suka tafi ɗaurin aure wani ƙauye a Jihar Neja, da yawansu a kan babura. Aka yi ruwa mai yawa, hanyar komawa ta shafe. Sai aka koma ga jirgin ruwa, aka shiga da dare. Fiye da mutum 100 ba su isa gida ba.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, watau NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare a ruwa, ta hana cika jirgi fiye da kima, ta kuma wajabta sa rigar ceto, watau rigar nan da ke hana mutum nitsewa. Amma mashigai sun fi jami'ai yawa. A galibin wuraren fito, daga mai jirgi sai fasinja sai Allah.

Bayan kowane haɗari maganar da a ke ji ɗaya ce: kwana ne ya ƙare. Wannan gaskiya ce, kuma da ita a ke kwantar da zuciyar wanda aka yi wa rashi. Sai dai malamai sun bambanta maganar da a ke yi a gidan makoki da wadda ya kamata a yi a bakin ruwa tun ba a shiga jirgi ba.

A ƊAURE RAƘUMI TUKUNA

Kowane almajiri ya san labarin mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah. Aka umurce shi da ya ɗaure ta, sa'an nan ya dogara. Watau dai tawakkali aikin zuciya ne, ba ya ɗauke wa hannu aikinsa.

Hijirar Annabi daga Makka zuwa Madina ita ce babban misali. Sayyidina Abubakar ya tanadi raƙuma biyu tun kafin ranar tashi. Aka ɗauki ɗan jagora wanda ya san hanyoyin daji, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ. Madina tana arewa, amma aka fara nufar kudu, aka ɓuya kwana 3 a kogon Sauru har masu nema suka sassauta. Babu wanda ya kai masu wannan tafiya dogaro ga Allah, kuma ba su bar dabara ko ɗaya ba.

Haka kuma Sayyidina Umar, a zamanin halifancinsa, ya kama hanyar Sham, sai labari ya riske shi cewa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa zuwa Madina. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara ya ke yi, sai ya nuna cewa komawar ita ma cikin ƙaddarar Allah ta ke. Ashe fasa tafiya ba raunin imani ba ne. Wanda ya dubi jirgi ya ga bakinsa ya kusa shan ruwa, ya ɗauki jakarsa ya koma tudu, yana da wanda ya yi koyi da shi.

Kiristocin ƙasar Lafiya da na sauran Arewa su ma suna da irin wannan a littafinsu. Manzo Bulus ya gargaɗi masu jirgin da ke kai shi Roma cewa lokacin tafiyar teku ya wuce, ba a saurare shi ba, jirgin ya farfashe a tsibirin Malta, ko da ya ke Allah Ya kuɓutar da dukkan mutum 276 da ke ciki.

IN HANYA TA ƘI

Rabi na biyu na tawakkali shi ne wanda ya fi wuya, watau haƙuri sa'ad da an yi shiri duka amma tafiya ta ƙi. Waɗanda suka bi hanyar Lakwaja cikin watan Oktoba 2022 ba za su manta ba. Kwara da Binuwai suka cika suka batse, ruwa ya hau kwalta wajen Koton Ƙarfe, motoci suka yi jerin gwano na kwana da kwanaki, har man fetur ya yanke a Abuja. Masu shanu da masu kayan gwari sun yi hasara mai yawa. Haka aka yi a watan Satumba 2012. A duka lokutan biyu an shawarci matafiya su zagaya, na Gabas ta Makurɗi da Lafiya da Akwanga, na Yamma ta Ilori da Mokwa da Bida. Zagayen ya ci mai, ya ci lokaci, amma hanyar lafiya a bi ta da shekara.

A shekara ta 6 bayan Hijira, cikin watan Zulƙida, Annabi ya fito da sahabbai wajen 1,400 da niyyar Umra, sun yi harama, suna kore da dabbobin hadaya. Ƙuraishawa suka tare su a Hudaibiyya, dab da Makka. Aka yi sulhu a kan su koma wannan shekara, su dawo baɗi. Abin ya yi wa sahabbai ciwo ƙwarai. A nan suka yanka dabbobinsu, suka yi aski, suka juya ba su ga Ka'aba ba. Da shekara ta kewayo suka yi Umrarsu lafiya, a shekara ta 8 kuma aka buɗe Makka. Malaman tarihi sun haɗu a kan cewa wannan juyawar da aka ƙi so ita ce ta share fagen nasarar.

Maniyyatan Nijeriya sun ɗanɗana irin wannan a 2020, sa'ad da cutar korona ta sa Saudiyya ta rufe ƙofar Hajji ga na waje, ta kuma taƙaita na 2021 ga mutum 60,000 mazauna ƙasar. Akwai waɗanda suka shekara da shekaru suna tari, sai a 2022 hanya ta buɗe. Akwai kuma waɗanda wa'adi ya riske su kafin nan, kuma malamai sun ce niyyarsu ba ta faɗi ƙasa banza ba.

Abin da ya kan faru da mutane shi ne a juya abin baibai. A bakin jirgin da ya cika maƙil, inda ya kamata a yi taka-tsantsan, sai a ce an dogara ga Allah. A tasha kuma, inda mota ta lalace ko hanya ta toshe, inda ya kamata a miƙa wuya ga hukuncin Allah, sai a kama zagin direba da ɗan kamasho.

YADDA FATAKE SU KA YI

Kakannin mazauna Sabo da Zango na yau fatake ne, masu zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni a ƙasa da jakuna. Ayarinsu yana da madugu, da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da mashigi da wurin yada zango, da uban dawaki mai kula da biyan kuɗin fito da na hanya, da malamin ayari mai addu'a da rubutu. Da rani su ke tafiya, in damina ta kama su a wani gari su kan zauna har ruwa ya janye. Unguwannin Hausawa da yawa a Yammacin Afirka daga irin wannan zango suka samo asali. Malami yana addu'a, jagaba yana auna zurfin ruwa, ba wanda ya ce aikin ɗayan ya isa.

Shari'a ma ta sauwaƙe wa matafiyi. A mazhabar Malikiyya, wanda ya nufi tafiyar mil 48, wajen kilomita 80 ke nan, zai yi ƙasaru, ya mai da salla mai raka'a huɗu biyu. In hanya ta tsare shi a wani wuri, muddin bai yi niyyar zaman kwana 4 cikakku ba, kullum yana sa ran tashi, to, zai ci gaba da ƙasaru. An yarje masa ya ajiye azumin Ramadan ya rama daga baya. Wanda guzurinsa ya yanke a hanya kuwa yana cikin mutane takwas da zakka ta halatta a gare su, ko da mai dukiya ne a garinsu. Don haka babu kunya ga matafiyin da ya maƙale ya nemi gidan Sarkin Hausawa ko limami ko fatoma ya faɗi halin da ya ke ciki.

KAFIN A ƊAURE KAYA

Mai niyyar zuwa gida da damina, musamman daga Agusta zuwa Oktoba sa'ad da koguna su ke kan ganiyarsu, ya kyautu ya buga waya ya tambayi halin hanya da na mashigi tun bai sayi tikiti ba. Ya ƙara kwana ɗaya ko biyu a lissafinsa, ya ware kuɗin ko-ta-kwana dabam da na tsaraba. In ya iso bakin ruwa da almuru, ya nemi makwanci. In jirgi ya cika, ya jira na biyu, ko da za a yi masa dariya, kuma kada ya yarda a tura mata da yara cikin jirgin da aka loda wa babura da buhuna. In akwai rigar ceto ya sa. In babu, ƙungiyoyin 'yan gari da ke taro a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun suna iya haɗa kuɗi su saya wa mashigin ƙauyensu, kamar yadda su ke haɗawa don gyaran masallaci ko makabarta. Sadaka ce mai gudana. Gwamnatoci kuma nauyin gadoji da jiragen fito masu inganci yana wuyansu.

In an yi wannan duka, sa'an nan biki ya wuce, ko an rufe gawa ba a iso ba, ko ciniki ya kuɓuce, sai mutum ya gode wa Allah da ya ke yana da ran da zai je ya yi barka ko ta'aziyya. Gaggawa aikin Shaiɗan ce, in ji masu magana. Allah Ya kai kowa gida lafiya, Ya dawo da shi wurin nemansa lafiya, amin.