Daga Jebba zuwa Akassa

Mu a Kafin Dafga babban ruwan da muka sani shi ne dam ɗin Challawa, can wajen Ƙaraye. In ka ce Bahaushe ya taɓa cin abinci da gadin jirgin ruwa, sai a ɗauka zolaya kake yi. Alhali kuwa an yi.

A watan Oktoba na 1857 wani jirgin Turawan Ingila mai suna Dayspring ya daki dutse a kogin Kwara, kusa da Jebba, ya fashe. Mutanen ciki suka tsira, suka kafa bukkoki a gaɓa, suka yi kusan shekara suna jiran wani jirgin. A cikinsu akwai hafsan sojan ruwa, John Glover, wanda zaman jiran bai karɓe shi ba. Ya ratsa ƙasar Yarbawa har Ikko, inda ya tarar da Hausawa bayi, waɗanda yaƙi ya raba da gida aka sayar da su kudu. Mutane ne masu jure wahala, kuma ba su da dangi a garin balle su ji nauyin wani. A 1863, yana riƙe da mulkin Ikko, ya ɗebi wasunsu ya ba su bindiga da jar dara. Daga nan rundunar sojan Najeriya take ƙirga asalinta, ta ce mutum 18 ne.

Da Kamfanin Neja ya sami izinin sarautar Ingila a 1886, sai ya bi sahu. Ya ɗauki nasa dakarun, da Hausawa da yawa a ciki, su tsare masa rumbuna da jiragen dakon manja. Akwai dalili: a ƙoramun bakin teku ana yi wa jiragen kwanto da manyan kwalekwale, igwa ɗaure a goshi. Turawa suka ce 'yan fashi ne. Ni dai ban ga fashi zalla ba, don dillalai ne da jiragen suka tsallake suka je suka saya a bayansu, kamfanin kuma ya toshe musu kasuwa da haraji.

Tura ta kai bango a watan Janairu na 1895. Sarki Koko na Nembe, ɗaya daga garuruwan dillalan, ya tara kwalekwalen yaƙi, ya faɗa wa hedikwatar kamfanin a Akassa da asuba, ya wawashe rumbuna, ya tafi da fursunoni. Cikin watan Fabrairu sojan ruwan Ingila suka shigo suka ƙone Nembe.

Ragowar injin Dayspring kuwa, da aka tsamo shi, a tashar jirgin ƙasa ta Jebba aka girke shi.